In Bazara Ta Kama, Me Ke Hana Tsohuwar Mota Shan Mai?

Daga watan Maris har zuwa saukar ruwan fari, da wuya rana ta fito ta faɗi ba ka ga tsohuwar motar ɗaukar kaya tsaye a gefen titi a garin Gombe ba. Bonet a buɗe, karen mota ya danna mata weji, direba kuwa yana gefe ya yi tagumi. Motar nan lafiya lau ta tashi da asuba, lafiya lau aka yi mata lodi, amma da rana ta take sai ta soma shessheƙa, ƙarfinta ya ragu, daga nan ta yi tsit. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, in an ba ta rabin sa'a ta huce, bugu ɗaya za a yi mata ta tashi, kamar ba ita ce ta ƙi motsi ɗazu ba.

Washegari da safe mai mota ya kai ta gareji a Tudun Wada. Makaniki ya tashe ta, ya taka totur, ya kasa kunne, bai ji wani aibu ba. Don kada a koma hannu rabbana, sai a kwance kafireta a wanke, a sake fulogi, a biya kuɗi. Jibi da azahar kuma ga ta can tsaye a kan hanya. Dalili kuwa shi ne, wannan ciwo ne mai ɓuya da zarar inji ya huce. Wanda duk ke son kama shi, to, tilas ya bincika motar a daidai lokacin da ta tsaya, tun tana da zafinta, kuma ya bi abin daki-daki.

Gari mai tsofaffin motoci

Gombe ta daɗe tana ci daga motar kaya. Tun da aka kafa masana'antar gurzar auduga a shekarun 1950, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963, garin ya zama matattarar amfanin gona. Kamfanin siminti na Ashaka da ya fara aiki a 1979 ya ƙara yawan manyan motoci a hanyoyin yankin, sa'an nan garin ya zama hedkwatar jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Masara da wake da dawa da ake tarawa a kasuwar Tudun Hatsi ba da ƙafarsu suke zuwa ba. A kori-kura da ƙananan motocin kaya ne ke kwaso su daga kasuwannin ƙauye, manya kuma su wuce da su Kano da Kudu.

Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu. Akwai Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Akwai Mercedes 911 da aka riƙa harhaɗawa a Enugu daga farkon shekarun 1980, da tsofaffin Toyota Dyna da ire-irensu. Ƙananan galibi fetur suke sha ta kafireta, manyan kuwa man dizal, wanda direbobi ke kira gas. Ga shi kuma garin Gombe a kwari yake, mai fita ta hanyar Bauchi sai ya yi hawa mai tsawo. Mota mai lodi, a ƙaramar giya, a kan tudu, a ranar da zafi ya kai digiri 40, duk wata lalura da ke ɓoye a jikinta a nan za ta fito fili.

Hanyar da mai ke bi

Kafin a san inda hanya ta toshe, sai an san hanyar. A tsohuwar mota mai fetur, tanki yana baya ko a ƙarƙashin bodi. Daga nan siririn bututun ƙarfe ya biyo shasi, ya haɗu da tiyon roba, ya ratsa filta, ya isa famfon mai. Famfon nan a jikin inji aka ɗaure shi, injin ne kuma ke motsa wata fata da ke cikinsa, tana sama tana ƙasa, tana zuƙo mai daga tanki tana tura shi kafireta. A cikin kafireta akwai wani ɗan kwano da mai ke taruwa, da wani abu mai iyo a kai da ake kira fulot, wanda ke rufe ƙofa in kwanon ya cika.

Abin lura a nan shi ne, daga tanki zuwa famfo zuƙo man ake yi, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinken roba. In tsinken ya tsage, iska yaron zai sha. Motocin zamani ba su da wannan rauni, domin famfonsu na lantarki ne, a cikin tankin yake, turo man yake yi da ƙarfin da ya ninka na tsohon famfo wajen sau goma. Shi ya sa mai sabuwar mota bai san wannan wahala ba.

Abin da zafi ke yi wa fetur

Ruwa ba ya tafasa sai zafinsa ya kai digiri 100. Fetur kuwa gaurayen sinadarai ne masu yawa, waɗansu ba sa tafasa sai kusan digiri 200, amma mafi sauƙi a cikinsu suna fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba. Bayan haka, duk inda nauyin iska ya ragu, abu mai ruwa-ruwa yakan yi saurin tafasa, abin da ya sa ruwa ke tafasa a kan tsaunin Jos tun bai kai zafin da yake buƙata a Legas ba. Zuƙar da famfo ke yi tana rage matsi a cikin bututu daidai da haka.

To, mai karatu ya haɗa lissafin. Kwalta na turo zafi daga ƙasa, salansa na gasa bututu daga gefe, famfo manne yake da injin da ya yi jawur, ga kuma zuƙa. Sai fetur ya tafasa a cikin bututu ko cikin famfon kansa. Shi kuwa famfo don ruwa aka ƙera shi. In tururi ya cika shi, fatar za ta yi ta motsi a banza, kwanon kafireta ya ƙafe, mota ta mutu alhali tanki na da mai. Wannan shi ne toshewar tururi, abin da direbobi ke cewa mota ta sha iska.

Akwai kuma ɗan'uwansa, wanda yakan zo bayan an kashe mota. Da inji ya tsaya, fanka ta tsaya, ruwan lagireto ya daina zagayawa, zafin da ke ƙarƙashin bonet sai ya ƙara hauhawa na ɗan lokaci. Man da ke kwanon kafireta ya tafasa, ya tumbatsa, ya kwarara cikin inji ya jiƙe fulogi. Direba ya tsaya salla ko cin abinci na minti goma sha biyar, ya dawo mota ta ƙi tashi, warin fetur ya cika wurin. Makanikai na kiran wannan obafulo. Ciwon farko yunwa ce, na biyu ƙoshi ne ya yi yawa. Maganinsu ya sha bamban, kuma wanda ya yi ta dannan totur a kan motar da ta yi obafulo ƙara shaƙe ta yake yi. Abin da ya kamata shi ne ya take totur har ƙasa sau ɗaya, ya riƙe shi a nan, ya yi ta ba ta kik har iska ta share man da ya yi yawa.

Bincike a bakin hanya

Da fari a kula da yadda motar ta mutu. Wadda mai ya yanke wa takan yi gargaɗi: ta yi fizga, ta yi tari, ta ɗan farfaɗo, ta sake faɗuwa, musamman a kan hawa. Wadda wuta ta ɗauke wa kuwa sau da yawa lokaci ɗaya take mutuwa, kamar an murɗe makulli. Wannan shaida ce da direba kaɗai ke da ita, makaniki ba ya wurin.

Bayan an kauce daga kan titi an sa weji, abu na farko kuma mafi araha shi ne murfin tanki. A buɗe shi a hankali a saurara. Tanki na da ƙaramar kafar shan iska, a murfin ko a wani siririn tiyo. In ƙura ta toshe ta, ko an sake murfin da wanda bai dace ba, ko an cusa leda a bakin tankin, to, mai na raguwa iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa jawowa. In aka ji tankin ya ja iska da ƙara, motar kuma ta tashi nan take, an gano ɓarawon ba tare da an taɓa sifana ba.

Na biyu, a cire tukunyar iska da ke kan kafireta, inji a kashe, a leƙa maƙogwaronta, a ja wayar totur da hannu sau biyu ko uku. In kwanon na da mai, za a ga ɗan tsartuwar fetur. In ba a ga komai ba, mai bai iso ba, sai a bi hanya a koma baya. In kuwa maƙogwaron jiƙe yake sharkaf, har mai na ɗiga, obafulo ne. Kada a kuskura a sa fuska a kan kafireta ana ba mota kik, gama takan yi aman wuta.

Na uku, in an tabbata yunwa ce, a jiƙa tsumma da ruwan sanyi a lulluɓe famfon mai da bututun da ya tashi daga shi zuwa kafireta. Wannan tsohuwar dabarar direbobi ce, kuma tana da tushe, domin sanyin na mayar da tururi ya koma fetur. In bayan minti biyar motar ta tashi, alhali da sai ta yi rabin sa'a, to, toshewar tururi ce. Sai dai a sani jiƙaƙƙen tsumma shaida ce da taimakon gaggawa, gyaran yana gaba.

Na huɗu, in tsumma bai yi aiki ba, a gwada wuta. A cire babbar wayar da ta fito daga kwayil, a riƙe ta da abin da wuta ba ta bi, a kusantar da ita jikin inji nesa da inda fetur yake, a ba da kik. Tartsatsi mai ƙarfi, shuɗi, alamar lafiya ce. In ja ne mai rauni ko babu sam, laifin ba na mai ba ne. Tsohon kwayil da kwandensa su ma sukan mutu in sun yi zafi su farfaɗo in sun huce, alamunsu kuma kusan ɗaya ne da na toshewar tururi. A nan ne ake yawan barin jaki ana dukan taiki: a sayi sabon famfo, a wanke kafireta sau uku, alhali kwayil ne ke zafi har hannu ba ya iya taɓa shi.

Abin da ya rage na gareji

Zafi shi kaɗai ba safai yake kayar da motar da hanyar manta ke da lafiya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka aikin makaniki shi ne neman tsagar.

A fara da filta. Wadda ta cika da tsatsa da ƙura tana sa famfo ya ƙara ƙarfin zuƙa, wannan kuwa na sa mai saurin tafasa. Sai tiyon roba da ke tsakanin tanki da famfo. Tsohon tiyo yakan tsattsage ya riƙa shan iska ba tare da ya zubar da ko ɗigo ɗaya ba, wani kuma yakan yi laushi da zafi ya manne daga ciki. Sai famfon kansa: a cire bututun da ke shiga kafireta a sa bakinsa a kwalba, a cire wayar kwayil don gudun tartsatsi, a ba da kik. Famfo mai lafiya bulbulo mai yake yi da ƙarfi a kowane bugu, wanda ya gaji kuwa sai ɗiga-ɗiga da kumfa. A kuma zaro sandar awon baƙin mai a sansana. In tana warin fetur, ko baƙin man ya ƙaru maimakon ya ragu, fatar famfo ta huje, fetur na zuba cikin inji, abin da ke iya kashe injin ɗungurungum.

Daga nan a bi bututun ƙarfe da ido tun daga tanki. Motar da ta shekara talatin ko arba'in ta sha hannu, ta sha walda. Sau da yawa za a tarar an sake salansa an matso da ita kusa da bututun mai, ko an jefar da farantin da kamfani ya sa don tare zafi, ko an cire kaurin faifan da ke raba gindin kafireta da ƙarfen inji. Waɗansu motocin suna da bututu na uku mai mayar da rarar mai tanki, domin man ya riƙa zagayawa kada ya tsaya wuri ɗaya ya yi zafi. Wani makanikin yakan ɗauka ɓarnar mai ce ya toshe shi da ƙusa. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ba don ado masu ƙera motar suka sa su ba.

Kada kuma a manta da lagireto. Injin da ke ɗaukar zafi fiye da kima saboda lagireto ya toshe da laka, ko fanbel ya saki, ko an yar da kwandon da ke kewaye da fanka, shi ke gasa famfo da kafireta. Wani lokaci gyaran hanyar mai daga hanyar ruwa yake farawa.

Masu shan gas fa?

Direban 911 ko tifa kada ya yarda a ce masa gas ɗinsa ya tafasa. Dizal ba ya soma tafasa sai zafinsa ya haura digiri 150, saboda haka toshewar tururi ba ciwonsa ba ne. Abokan gabansa uku ne: iska, datti da ruwa. In wanshar wani kusoshin bututu ta saki, ko tiyo ya tsage, iska za ta shiga, motar ta rasa ƙarfi a kan hawa ta mutu. A sassauta ɗan kusan fitar da iska da ke kan gidan filta, a yi ta danna famfon hannu. Muddin kumfa na fitowa, akwai inda iska ke shiga. Makanikai masu lura sukan sa guntun tiyo mai garai-garai a hanyar, su ga kumfar da idonsu.

Inda zafi ke shigowa a nan shi ne, gas in ya yi zafi yakan tsinke. Injekta famfon da ya ci ƙasa daga ciki ba zai iya matsa tsinkakken gas yadda ya kamata ba, sai ya riƙa sulalewa ta gefe. Alamar ita ce mota ta tashi da sauƙi da safe, amma in ta yi tafiya aka kashe ta, sai da turi. Waɗansu kan sheƙa wa famfon ruwan sanyi don ta tashi. Wannan ganganci ne, domin ƙarfen waje zai tsuke a kan na ciki da ke da zafi, famfon na iya cijewa, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Wurin masu gyaran injekta da nozul ya kamata a nufa.

Man da ake zubawa

Wani lokaci motar ba ta da laifi, abin da aka ba ta ne. A watan Fabrairun 2022 hukuma ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, motoci da yawa suka lalace a ƙasar nan. Irin wannan sinadari na ƙara wa fetur saurin zama tururi, yana kuma cin roba da fatar famfo. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir kuwa santsinsa na raguwa, ga shi kuma da santsin gas ɗin ne injekta famfo ke shafe kansa. Man bumburutu da ya wuni a jarka cikin rana, ba a san abin da aka zuba masa ba, araharsa ba ta ado.

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa daga baya. Masu ƙananan motoci da yawa suka koma sayen abin da zai kai su ya dawo da su kawai. Ba a ga laifinsu ba, amma tankin da kullum ke kusa da ƙafewa ya fi saurin ɗaukar zafi, ya fi tara raɓa da tsatsa, kuma dattin gindinsa famfo ke zuƙa.

Gyara na gari, da gyaran da ke kisa

Gyaran ƙwarai ba shi da tsada in an kwatanta da asarar lodi. A sauke tanki a wanke kafin bazara, a sake filta da tiyo, a nisanta bututu daga salansa, a mayar da abubuwan tare zafi. Wanda ya ga ya sa famfon lantarki, to, a ɗaura shi kusa da tanki, a ƙasa, inda zai riƙa turo mai. In aka maƙala shi a jikin inji, an maimaita ciwon da ake gudu. A kuma zaɓi mai ƙaramin ƙarfi wanda ya dace da kafireta, a sa masa fis, a haɗa shi yadda zai mutu tare da inji.

Akwai wata al'ada da ya wajaba a yi magana a kanta. In mai ya ƙi isowa, sai a ɗaure galan a kan rufin mota, ko karen mota ya rungume shi a gidan gaba, a ja tiyo kai tsaye zuwa kafireta. A cikin gareji, mota a tsaye, wannan gwaji ne mai amfani, don yana nuna cewa laifin na tsakanin tanki da famfo ne. Amma tafiya da shi a kan titi, da fasinja a saman kaya, sayen gobara ne da kuɗi. Haka nan tsiyaya fetur a bakin kafireta ana ba da kik ya ƙone fuskoki da hannaye masu yawa. Kowace motar kaya ta riƙe tukunyar kashe gobara mai aiki, a inda hannu zai kai gare ta.

Daga ƙarshe, kira ga ɓangarorin biyu. Direba ya riƙe labarin yadda motarsa ta tsaya: ƙarfe nawa, a hawa ko a shimfiɗe, bayan tafiya ko bayan tsayawa, da tari ko farat ɗaya, da warin fetur ko babu, minti nawa kuma ta yi kafin ta tashi. Makanikin Tudun Wada kuwa, in aka kawo masa mota da irin wannan ƙara da safe, kada ya yi gaggawar ɗaukar sukundireba. Ya sa a yi mata lodi, ya shiga gaba, su hau tudun hanyar Bauchi da tsakar rana, ya ga ciwon da idonsa. Litar man da za a ƙona a wannan gwaji ta fi sauƙi a kan buhunan tumatir da za su ruɓe, ko dabbobin da za su galabaita a bakin hanya tsakanin Dukku da Darazo. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.